Uwar Waya da Maganar Manaja

A kamfanin kai kaya kowa Uwar Waya yake ce mata. Ita ke amsa kiran masu ƙorafi, kuma ko mutum ya bugo yana kumfar baki, kafin ya ajiye sai ya tambaye ta lafiyar yara. Tun kamfanin bai wuce ɗaki ɗaya ba take nan, shi ya sa maganarta ke da nauyi.

Ranar da manaja ya ce masu aikin waya su koma yi daga gida, kuma an koma ke nan har abada, ma'aikata suka yi ta gunaguni. Ita ta tsaya masa.

"Na san mutumin nan tun ba shi da furfura," ta ce musu. "In ya faɗa, ya faɗa."

A kan haka ta saki ɗakinta na kusa da ofis, ta koma bayan gari wurin mahaifinta da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ta kafa tebur a bakin ƙofarsa, tana lallashin masu kaya, tana juya shi, tana ba shi magani. Har Baba ya haddace gaisuwar kamfanin, waya na ƙara sai ya riga ta faɗa. Abokiyar aikinta, wadda suke kira Doguwa, ganin Uwar Waya ta yarda, ita ma ta sayar da babur ɗinta.

Shekara ba ta zagayo ba aka ce kowa ya dawo ofis. Ba dalili, ba ban haƙuri. Ta roƙi maƙwabciya ta zauna da Baba, ta sha canjin mota, ta iso ta tarar an ba mai sayar da taya hayar rabin ginin. Kujeru ba su isa ba, ga warin roba. Manaja kuwa ta bidiyo ya bayyana a allon bango, zaune a falon gidansa, yana cewa aiki ba ya albarka sai ana ganin juna ido da ido.

Ranta ya ɓaci, ta miƙe. "Ranka ya daɗe, kai ka ce mana har abada."

"Yanayi ne ya canza, Yaya," in ji manaja. "Ai ba a rubuce yake ba."

"Ni na sa waɗannan suka yarda da kai. Da wane ido zan kalle su?"

Ya ce ba ya jin ta sosai, aka kashe allon.

Ta nemi a bar ta ko da rabin mako a gida, aka hana. Dole ƙanenta ya ɗauke Baba zuwa wani gari, inda sai ƙarshen wata take ganinsa. Tana nan a kamfanin, ita da Doguwa kujera ɗaya suke karɓa-karɓa, kuma har yau Doguwa ba ta yi mata magana sai ta aiki.