Likitar da Ta Iya Gaisuwa

Shekarar da na yi tafinta a wani ƙaramin asibitin yara a Maradun, aka haɗa ni da wata likita 'yar ƙasar Sifen. Ni da na koyar da Turanci a firamare a Bakura, ina ganin ai aikin nan shan ruwa ne. Ashe! Matar nan in ta buɗe baki da Turanci sai in rasa inda kalma ta fara. Sai ta maƙala "e" a gaban kalmomi, ta haɗiye ƙarshensu. Ni kuma in na amsa sai ta karkato kunne, wai "p" ɗina da "f" duk ɗaya ne. Har na fara tambayar kaina, shin a cikinmu wa aka cuta a makaranta?

Abin da ya ƙara rikita ni, Hausa ta zauna a bakinta daram. Gaisuwa kawai ta haddace, amma in ta jero ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya jiki, sai ka rantse a Mafara aka yanke mata cibi.

Wata safiya na fita ɗebo ruwa, wata mata daga Faru ta shigo da ɗanta, cikinsa ya kumbura, ko kuka ba ya iyawa. Na dawo na tarar tana yi wa likita magana ƙasa-ƙasa, likita na ta gyaɗa kai tana "To, sannu, Allah ya sawwaƙe." Ina shiga matar ta yi shiru.

Likita ta dube ni, tana son sanin me aka ba yaron kafin ta ba shi magani. Na ce, "Iya, mi kika ba shi a gida?"

Ta ce, "Na gaya ma likita."

"Ai ba ta jin Hausa."

"Ke ɗiyar nan, ji tsoron Allah. Da kunnena na ji ta."

Wallahi raina ya ɓaci, amma na gane. Likita baƙuwa ce, ba ta san kowa ba. Ni kuwa ina da dangi a Faru, kuma ashe wani jiƙo matar ta ɗura wa yaron, a ɓoye ta karɓo shi, mijinta ya hana. Sai da na rantse mata maganar ba za ta fita ɗakin ba, sannan ta faɗa, kanta a sunkuye.

Na juya na fassara a hankali, don kada matan da ke bakin ƙofa su ji. Likita ta karkato kunne. Na maimaita. Ta girgiza kai. Yaron na numfashi sama-sama, dole na ɗaga murya ina nuni da hannu, har ta gane, ta ruga ɗauko allura. Matan bakin ƙofa ma sun gane.

Yaron ya tashi. Ranar da aka sallame su, uwar ta durƙusa ta yi wa likita godiya mai tsawo, ta goya ɗanta, ta wuce ni ko kallo babu.