Jirgin Kawu Mai Ido a Ka

Wata Juma'a cikin sanyin shekarar 2012, ina aji biyar, na baje kwali da almakashi a falonmu na unguwar Muraqqabat, a ƙasar Larabawa inda muke zaune, zan haɗa bishiyar dabino. Malamarmu ta ce kowa ya ƙera wani abu, ranar Lahadi ya tsaya gaban aji ya yi bayaninsa. Ni kuwa ko gaisuwata sai an kasa kunne ake ji, shi ya sa na zaɓi dabino: kowa ya san shi, magana biyu na koma kujerata. Sai ga Kawu Sani, ƙanin Mama, ya dawo daga masallaci ya tsaya a kaina. "Uwata, dabino a garin dabino? Khalas, ya isa, ajiye almakashin nan."

Kawu ya yi gyaran jirage a rundunar sojan sama can ƙasarmu kafin ya zo nan ya koma sayar da kayan mota a unguwar Ras Al Khor, amma jiragen ba su taɓa barin bakinsa ba. Kafin in ce uffan ya ɗauko gorar ruwa ya yi gangar jiki, ya gicciya muciyar Mama da ludayinta na katako ya yi farfela, ya soke ƙwallon ƙanina a tsinke ya kafa a can samansu. Wai jirgi mai saukar ungulu ne na leƙen asiri. Siriri ne, mutum biyu yake ɗauka, ba shi da kaurin ƙarfe don kada nauyi ya hana shi zillewa. Ƙwallon nan idonsa ne. Sai ya laɓe bayan tudu ko bishiyoyi, idon kaɗai ya leƙo, ya hango tankokin abokan gaba ya sanar da manyan jirage masu harbi. "Idan aka gan shi ya shiga uku," in ji Kawu.

Haushi kamar ya kashe ni. Aikina ne, amma ko gam bai bar ni na riƙe ba. Ya shafe shi da koren fenti a baranda, har ya ɗiga a kan hijabin makarantata da ke shanya. Mama tana ta buɗe durowa tana cewa, "Sani, da farfela zan tuƙa tuwon?" Ni kuma ya tsare ni da haddar bayani, kowace jimla sai ya ce, "Ɗaga murya, yalla, maza!" Na lura idon ya karkace hagu, na faɗa masa, bai ma ji ba.

Ranar Lahadi yara suka zo da raƙuma da jiragen ruwa da dabino iri-iri. Da aka kira ni na tsaya rungume da gorar, harshena ya ɗaure. Wata ta ce jirgina ya ɗauko tallar lemo a ka, aji ya fashe da dariya. Don takaici da neman wurin ɓuya na durƙusa bayan teburin Malama, jirgin na hannuna a sama, ƙwallon kaɗai ya leƙo. Malama ta tambayi abin da nake yi. Na ce, "Haka yake yi." Da na ji babu idon kowa a kaina sai murya ta zo. Na zuba bayanin Kawu tas, na kuma ƙara da rahoto, domin ta ƙarƙashin teburin ina ganin ƙafafunsu: mai yi mini dariya ta tuɓe takalmi, safarta a huje. Aka sake dariya, wannan karon ba ni ake wa ba.

Da na ba da labari a gida, Kawu ya bugi ƙirji ya ce dama dabarar da ya shirya ke nan. Ban yi masa magana ba har washegari.

Yanzu ya koma Kaduna, yana mitar jirage marasa matuƙa sun ƙwace wa ɗan jirginsa aiki. Ni kuma nakan tsaya gaban mutane in yi magana, babu teburin laɓewa. Muciyar tana nan a kicin ɗin Mama, da sauran koren fenti a bakinta. Duk sanda na gan ta, haushin ne ke fara zuwa, kewar ta biyo baya.