Garin Awas

Shekarun da na yi a Kuala Lumpur, a bakin murhu na yi su. Tuwo da miyar kuka nake dafa wa ɗalibanmu a unguwar Sentul, su zo su yi tapau, wato a ƙunshe musu su tafi. Garin ma ban san shi ba, tururi kawai na sani.

Da ƙyar na kawo matata. Ta zo ta ga ɗakin, ta ga ni, ta ce in Sallah ta wuce za ta koma gida. Ba faɗa, ba komai. Gaisuwa take mini kamar baƙo.

Sai wani ɗalibi mai karatun dakta ya ba ni aron motarsa. Ya ce, "Baba, ka kai Hajiya tsibirin Penang. Bayan tsibirin akwai hanya a kan tudu, teku na ƙarƙashinka."

Na yi direban haya a gida, amma nan sitiyari a dama yake. Duk sanda zan ba da sigina, abin goge gilashi ne ke tashi.

Da muka haye gada muka fara hawa, wallahi sai na ji ni kamar yaro. Hanya na murɗewa, daji a hannu ɗaya, ɗaya hannun ba komai sai iska, can ƙasa ruwa shuɗi har inda ido ya gaji. Kunnena ya toshe. Na sauke gilashi ina ta hon ba dalili, birai na kallona daga kan waya.

Sai ga allo, an rubuta AWAS da manyan baƙaƙe. Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan na iya.

Na ce, "Hajiya, mun kusa Awas. A can za mu ci abinci."

"Ka san garin?"

"Ni? Babban gari ne. Kifinsu ba a magana."

Kwana ta gaba, AWAS. Ta gaba ma AWAS. Na ƙara wuta don mu isa da wuri. Na ce, "Kin gani? Ko'ina tallarsa ake."

Na ji wani sauti a gefena, na ɗauka amai ne. Na waiga. Mayafi ta cusa a baki, kafaɗunta na rawa.

"Malam, don girman Allah rage gudu. Awas fa hattara ce da yarensu!"

"Wa ya ce?"

"Maƙwabciyarmu! Kullum haka take yi wa ɗanta ihu in ya doshi tukunya. Kai tun ɗazu ana ce maka hattara, kana taka mota za ka ci kifi!"

Na gangara gefe wajen wani mai sayar da durian, ɗan itacen nan nasu mai ƙaya, na kashe mota. Dariya ta kama ni har na kifa kai a sitiyari, hon ya ɗauka. Ita tana dukan cinyata tana cewa, "Sarkin Awas! Ranka ya daɗe!" Mai durian ya leƙo yana tambaya ko lafiya, muka ƙara fashewa da dariya.

Muka zauna a kan dakalin bakin hanya, ƙafafunmu na lilo, jiragen masunta a ƙasa kamar ɓawon gyaɗa. Ta share hawaye, ta daɗe tana kallon ruwan.

Can ta ce, "In mun koma ka kai ni kasuwa. Labule zan saya. Ba zan zauna a ɗakin gwauro ba."