Hannu Ɗaya a Aljihu

Jiya wuta ta ja ni a wurin walda, ta yar da ni, na tashi. Hannuna na hagu yana aljihu. Sai na tuna Baba na Barnawa, mai rediyon hira da ƙasashen waje.

Da zai haɗa babbar amfilifaya don muryarsa ta yi nisa, ni na binne masa sandar tagulla mai kai wuta ƙasa a bayan ɗaki. Na shigo, ɗakin yana warin dalma, amfilifayar a buɗe. Na kai hannu biyu, ya make ni da filaya.

"Ai a kashe take, Baba."

"Ita ta gaya maka? Hannu ɗaya a aljihu, kada wuta ta ratsa ƙirjinka."

Ranar na ji haushi. Yau 'ya'yana suna da uba. Allah ya ba Baba hutawa.