Ya Fanna da Ƙishirwar Tsakiyar Kogi

Kafin rana ta fito Ya Fanna ta tafasa ruwa ta sauke. Ta jiƙa tsamiya ta tace, ta sa zuma, ta barbaɗa ɗan gishiri, ta ɗura a robobi. Sai ta saɓa doguwar gorarta mai igiya a baki, ta nufi bakin kogi inda 'yan iyonmu na Haɗeja ke atisaye. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan hidima, tun da ta bar aikin jinya, kuma ba wanda ya sa ta.

Ni Buba, ni ke horar da su, kuma ni na fi kowa yi mata dariya. Mu 'ya'yan masunta ne. A wurinmu, wanda ke cikin ruwa har wuya ya ce yana jin ƙishirwa, rago ne kawai.

Musaddiq ɗan Auyo ya fi kowa gudu a ruwa, amma da ya kai kwanar ƙarshe sai tsokar ƙafarsa ta ɗaure. Sau biyu ana tsamo shi. Na ce masa gasar zaɓen wakilai ita ce damarsa ta ƙarshe, in ya sake ya koma kamun kifi. Sai ga shi da gwangwanin garin ƙarin kuzari, ko rubutun jikinsa ba ya karantuwa.

Ya Fanna ta karɓa ta jujjuya. Ta ce, "Ɗana, wane likita ya duba maka wannan? Ajiye shi."

Washegari ta aro sikelin masu auna shinkafa. Ta ɗora Musaddiq kafin ya shiga ruwa, ta sake ɗora shi bayan awa biyu. Ya ragu da kusan kilo biyu.

"Malam Buba, kilo biyun nan kifi ne ya cinye?" in ji ta. "Gumi ne. Kogi ke wanke shi, shi ya sa ba kwa gani."

Gani ya kori ji, kuma wallahi na ji kunya.

Wata uku tana bin sa a kwalekwale, tana miƙa masa roba a bakin gora, ya kurɓa yana tafe. Kafin shiga, kunun gero da dabino. Bayan fitowa, kifi da ƙwai da gyaɗa, tana tsaye a kansa sai ya cinye. Ranar gasa, da ya doshi kwanar nan, na rufe ido. Muryarta ce ta sa na buɗe: "Ya wuce! Malam, ya wuce!" Shi ya zo na biyu, aka ɗauke shi.

Ya Fanna, ke ce kika ga ƙishirwar da mu 'yan ruwa muka makance a kanta. Uwar 'yan iyo, da don ta ni ne, da na kori mutumin da ruwan sha kawai ya rasa. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Bana ciwon kafaɗa ya hana ta ɗaga gora. Duk mai horar da 'yan wasa ya yi koyi da ita: ya auna, ya shayar, ya bar cika baki. Ni dai na riga na fara. Jiya ta miƙo mini gorar ta ce, "Riƙe da kyau, kada ka zubar." Gobe da safe ni ne a kwalekwale.