Ranar da Malama Yagana Ta Sa Manya Suka Fuskanci Bango

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Alhamis, takwas ga watan Mayun 2025, ina cikin aji a Kazaure ɗanki Ɗayyabu ya kira ni ya ce Allah ya karɓi ranki, jana'iza bayan azahar a Kanya Babba. Na ajiye alli na zauna, ɗalibai suna kallona.

Malama Yagana Kyari, shekara ashirin kina shugabancin firamarenmu, amma aikin da kika ɗora wa kanki ya wuce wannan. Duk shekara idan jarrabawar makarantar yara masu hazaƙa ta matso, sai ki hau bayan babur da jakar tambayoyinki, ki bi ƙauyukan Babura, ki leƙa har Roni da Gwiwa. Kina cewa yaro mai kai ba ya zuwa da shela, nemo shi ake yi. Haka kika tsinto ni, Halimatu Sadiya, 'yar rugar da ke bayan gari. Da yake ke Babarbariya ce ni kuma Bafulatana, ba ki taɓa kiran sunana ba, kullum sai dai "baiwata". Ranar kasuwa idan mahaifiyata ta nemi in ɗauki ƙwaryar nono, har ruga kike zuwa ki zauna kan tabarma kina tsokanarta, ba kya tashi sai ta sake ni.

Na ci jarrabawar rubutu, na zo ta ɗaya a Babura. Sauran ganawa da kwamiti a Kazaure, kuma gurbi biyu rak aka ba ƙaramar hukumarmu. Dattawa uku na tarar a ɗakin, duk sa'annin kakana. A gidanmu yarinya ba ta ɗaga ido gaban babba, balle ta mayar masa da magana. Na durƙusa na gaishe su, daga nan bakina ya mutu. Suka yi tambaya ta farko, ta biyu, ta uku. Wallahi duk na san amsarsu, amma ko tari na kasa yi.

Shugaban kwamitin ya sa aka kira ki. A gabana ya ce yarinyar da ba ta iya faɗin bakwai sau takwas ba, ba ita ta rubuta wannan takarda ba, kuma kowa ya san wadda ake zargi da rubuta mata. Ba ki yi fushi ba. Kika russuna kika ce, "Ranka ya daɗe, kunya ce, ba jahilci ba. Ku juya kujerunku ku fuskanci bango, ku tambaye ta duk abin da kuke so. In ta kasa, ku karɓi aikina yau."

Ɗayansu ya yi dariya, ɗayan ya ce wannan ai raini ne. Shugaban ya daɗe yana kallonki, sannan ya miƙe ya juya kujerarsa, sauran suka bi. Ke kuma kika fita don kada a ce kina yi mini raɗa. Da na ga ƙeyarsu kawai, sai murya ta zo. Suka ƙare tambayoyin takarda, suka shiga ƙirƙiro nasu, ina amsawa. Can shugaban, bai ko waiwayo ba, ya ce a rubuta sunana.

Na fito na same ki a gindin darbejiya, riƙe da jakarki. Abin da kika ce kawai shi ne saura ƙiris baiwarki ta raba ki da abincinki. Shekara goma sha bakwai ke nan. Na sha zuwa gaishe ki, na sha kai miki man shanu, amma ban taɓa buɗe baki na ce miki na gode ba. Wannan yana ci mini rai, Malama.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya haskaka makwancinki, ya sa aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki Baba Kura, da Ɗayyabu da Zara, da dukan yaran da kika nemo. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya sa mu cika da imani. Amin.