Bencinan Aro

Ina ajin ƙarshe na sakandare a wani ƙauye kusa da Garo lokacin da aka ce ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu zai zo ya ga makarantarmu. Guguwar farkon damina ta riga ta yaye rufin ajinmu, ga jarrabawar fita ta matso. Da hadari ya haɗo sai a tashe mu.

A wajenmu ba a nuna wa baƙo tsiraicin gida. Don haka shugaban makaranta ya sa aka share fili, aka aro bencina daga Islamiyyar unguwa aka cika ajujuwan gaba, waɗanda kullum a ƙasa ake zama. Rumfar taro kuwa aka kafa ta yadda ta kare ajinmu. Ni aka ba karanta jawabin maraba, saboda ba na tsallake layi. Kusan duk godiya ce. Babu maganar rufi a ciki, ni kuma ba mai iya ƙara kalma a gaban manya ba ne.

An ce da hantsi zai zo, bai iso ba sai bayan azahar. Ya yi magana a kan abubuwan da ya sa a gaba: gyaran makarantu, hana sayar da fetur a galan a bakin kasuwa, da samar wa 'yan sintiri fitilu da babura. Ya leƙa ajujuwan gaba, ya ce alhamdu lillahi, mu muna da sauƙi, zai fara da wuraren da yara ke zaune a ƙasa. Na ga shugabanmu ya sunkuyar da kai yana gyara hula.

Ana idar da la'asar sai ga malamin Islamiyya, dattijo ne, ɗalibansa na biye. Ya gaisa da baƙo, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali da jama'a, sannan ya juya ga shugabanmu.

"Malam, a yi haƙuri, lokacin karatunmu ya yi. Ko yara su fara kwashe bencinan?"

Ɗan majalisar ya dubi shugabanmu ya yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, to ita rumfar, me aka ɓoye a bayanta?"

Da ƙafarsa ya zaga. Ya daɗe a tsakiyar ajinmu yana kallon sama.

Kafin jarrabawa aka buga mana sabon kwano. Bencina kam har na gama ba su zo ba. Na kan tuna shugaban namu ba tare da jin haushinsa ba. Mutunci ya so ya yi wa baƙo yadda aka koya masa, kuma da baƙon ya zo da hantsi, da a ƙarƙashin hadari muka ƙarasa shekarar.